ANDARAWUS, MANZON DA YA KAWO ƊAN'UWANSA

Kafin a fara darasin nan, sai maigida, ko kuwa wanda ya iya karatu a gidan, ya buɗe Bisharar Yohanna sura 1, ya karanta daga aya 35 zuwa 42 da ƙarfi, a hankali, domin tsofaffi da yara duka su ji.

Da wuya a sami ikilisiya a ƙasarmu wadda ba ta da wani mai suna Andarawus. Amma in aka ce wa jama'a su faɗi abu uku da manzo Andarawus ya yi, sai ka ji shiru, kowa yana duban na kusa da shi. Ba abin mamaki ba ne. Cikin Sabon Alkawari duka sau 13 kaɗai aka ambaci sunansa, na Bitrus kuwa ya haura sau 150. Cikin 13 ɗin nan ma, wajen rabi sai an haɗa da cewa shi ɗan'uwan Siman Bitrus ne, kamar yadda akan yi wa mutumin da ba a san shi a gari ba sai an kira sunan babban gidansu.

Duk da haka, yau akwai manyan ƙasashe da suka ɗauke shi majiɓincinsu, akwai tutoci masu alamarsa, akwai birane da suka yi ta jayayya a kan ƙasusuwansa. Labarinsa ya zo mana hawa uku: abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa, da abin da mutanen dā suka ba da labari bayan zamanin manzanni, da abin da aka yi ta ƙarawa daga baya. Dole mu sheƙe su, mu san tsaba, mu san ƙaiƙayi.

MASUNCI NA GALILI

Andarawus mutumin Betsaida ne, wani gari a gefen arewa na Tekun Galili. Ana ce da shi teku, amma tabki ne na ruwan daɗi, tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa wajen 13. Daga baya shi da Siman suka zauna gida ɗaya a Kafarnahum, tare da surukar Siman, wadda Yesu ya warkar da ita daga zazzaɓi (Markus 1:29-31). Watau gandu guda suke, sana'a guda, tukunya guda.

Sana'arsu su ce. Tarun da Yesu ya tarar suna jefawa mai da'ira ne, da nauyi a bakinsa, mutum ya tsaya ya wurga shi ya buɗe bisa ruwa ya nutse. Aikin dare ne galibi, da safe kuma ga wankin taru da ɗinkinsa. A shekara ta 1986 aka yi fari a ƙasar, ruwan tabkin ya janye, sai aka tarar da wani jirgin katako na zamanin nan a binne cikin laka, tsawonsa mita 8 da 'yan kai, faɗinsa mita 2 da 'yan kai. Ba wanda ya ce na Andarawus ne, amma irinsa suke shiga. A Magadala, can gefen yamma, ake sa wa kifin gishiri a kai shi kasuwanni masu nisa, saboda haka masuntan wurin sun saba da baƙi da harshen baƙi. Sunan Andarawus kansa ba na Ibrananci ba ne, na Helenanci ne, ma'anarsa namiji, jarumi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

RANAR DA YA FARA BIN YESU

Tun bai sadu da Yesu ba, Andarawus almajirin Yohanna Mai Baftisma ne. Wannan ya nuna mana irin zuciyarsa. Mutum ne mai sana'a a hannu, amma ya bar jirgi ya tafi bakin Urdun domin ya ji wa'azin tuba. Ran nan Yohanna yana tsaye da almajiransa biyu, Yesu ya zo wucewa, Yohanna ya nuna shi ya kira shi Ɗan Rago na Allah. Su biyun suka bar malaminsu suka bi bayan Yesu. Ya waiwaya ya tambaye su abin da suke nema, su kuwa suka tambaye shi masaukinsa. Bai yi musu dogon bayani ba, ya ce su zo su gani da idonsu. Gani ya kori ji. Suka yini tare da shi. Mai rubuta bisharar har ya tuna da lokacin, sa'a ta goma, watau wajen ƙarfe 4, da la'asar.

Ku lura da Yohanna Mai Baftisma a nan. Almajiransa biyu sun tafi, bai kira su su komo ba, gama domin haka ya nuna. A wurinsa Andarawus ya koyi aikin da zai yi dukan kwanakinsa: ka nuna, ka kai mutum, ka ja da baya.

Abu na fari da Andarawus ya yi, ya nemo Siman, ya gaya masa sun sami Almasihu, ya kawo shi wurin Yesu. Bai aika da saƙo ba. Zumunta a ƙafa take. Bai kuma tsaya yin gardama a kan annabawa ba, ya kai shi inda shi kansa ya ji. Yesu ya dubi Siman ya ba shi sabon suna, Kefas, watau Bitrus, dutse. Andarawus yana tsaye a wurin, shi da ya fara zuwa, ba a ba shi sabon suna ba.

'Yan'uwa, wa'azi a kasuwar wani gari ya fi sauƙi bisa ga magana da ɗan'uwanka na ciki ɗaya. Baƙo bai san ka ba. Ɗan'uwanka kuwa ya san ranar da ka yi fushi a gona, ya san bashin da ba ka biya ba, ya san yadda aka raba gādo. Da Andarawus mai cuta ne wajen rabon kifi, da Siman bai tashi ya bi shi ba. Da yawa cikinmu muna da wa, ko ƙane, ko gwaggo, da ba su bi hanyar nan ba, muna cin tuwo tare shekara da shekaru, ba mu taɓa buɗe baki ba. Wani tsoro ne ya hana shi, wani kuwa halinsa ne ya rufe masa baki.

Bayan wannan suka koma su. Sai daga baya Yesu ya tarar da su a bakin ruwa ya kira su su bi shi gaba ɗaya, ya ce zai mai da su masuntan mutane, suka bar tarunsu nan take (Markus 1:16-18). Saboda shi ne na fari da aka ambata da suna cikin masu bin Yesu, ikilisiyoyin Girka har wa yau suna yi masa laƙabi da Wanda Aka Fara Kira.

A BAYAN UKU

Ga wani abin da ba a cika yin wa'azi a kansa ba. Masunta huɗu Yesu ya kira a bakin tabki: Bitrus da Andarawus, Yakubu da Yohanna. Amma sa'ad da ya shiga ɗakin 'yar Yayirus domin ya tashe ta, uku ya ɗauka. Sa'ad da ya hau dutse kamanninsa suka sāke, uku ya ɗauka. A Gatsemani ma uku. Kowane karo Andarawus ne aka bari a waje. Sau ɗaya muka gan shi tare da su ukun, a Dutsen Zaitun, suna tambayar Yesu a keɓe a kan rushewar Haikali (Markus 13:3).

Mu da muka san 'yan ubanci, mun san abin da irin wannan yakan haifar. Kai ka kawo mutum, ya zo ya wuce ka. Kai ka fara aikin, shi ake kira gaba. An sha ganin ikilisiya ta rabu biyu a kan abin da bai kai wannan ba, a kan wanda zai riƙe kuɗin baiko ko wanda zai zauna kujerar gaba. Yakubu da Yohanna sun roƙi manyan kujeru, sauran goma kuwa suka ji haushinsu, Andarawus yana cikin goman, kada mu mai da shi mala'ika. Amma ba inda aka rubuta ya janye jikinsa daga aiki domin an fifita ɗan'uwansa. Ranar Fentikos Bitrus ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma. Wanda ya kawo mai wa'azin yana tsaye cikin goma sha ɗayan, ba a ji muryarsa ba.

YARO DA BAƘI

Sau biyu kuma Yohanna ya nuna mana shi, kowane karo yana riƙe da hannun wani.

Na ɗaya a jeji ne, ga taron mutum 5,000, ga yunwa (Yohanna 6). Filibus ya yi lissafi ya ce gurasar dinari 200 ba za ta kai ko'ina ba. Dinari ɗaya ladan ɗan ƙodago ne na yini guda, ku auna da kanku. Andarawus ne ya san akwai wani yaro mai gurasar sha'ir biyar da kifi biyu. Sha'ir abincin talaka ne. Yaya ya sani? Ni a ganina, mutum ne mai zama cikin jama'a, mai magana da yara, ba mai tsayawa can gaba ba. Shi ma bai ga yadda abin zai isa ba, ya kuwa faɗi haka a fili. Bangaskiyarsa ba ta kai ta ga kwanduna 12 da za su ragu ba, amma ta kai ta kawo yaron.

Na biyu a Urushalima ne, mako na ƙarshe (Yohanna 12:20-22). Waɗansu Helenawa da suka zo idi suka so ganin Yesu. Suka sami Filibus, shi ma sunansa na Helenanci ne, shi ma mutumin Betsaida. Filibus bai tafi kai tsaye ba, sai da ya nemi Andarawus, sa'an nan su biyu suka je suka gaya wa Yesu. Ashe cikin almajiran an san wanda ake nema in baƙo ya zo bakin ƙofa. A nan ne Yesu ya yi maganar ƙwayar alkama wadda sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya da yawa. Kowane manomi ya san wannan. Irin da ka ɓoye a rumbu domin tausayinsa ba ya zama dami.

Wurin ƙarshe da aka ambace shi, cikin bene ne a Urushalima bayan Yesu ya hau sama, yana addu'a tare da sauran manzanni, da mata, da Maryamu (Ayyukan Manzanni 1:13-14). Daga nan Littafi bai ƙara kiran sunansa ba.

MUTUWARSA

Cikin manzannin da suka tsaya da aminci, Yakubu ɗan Zabadi kaɗai Littafi ya ba da labarin kisansa (Ayyukan Manzanni 12:2). Na Andarawus daga bakin mutanen baya muka ji.

Wani malami mai suna Yusibiyas, na Kaisariya, ya rubuta tarihin ikilisiya wajen shekara ta 325. Ya ɗauko daga Orijin, babban malamin Iskandariya ta Masar, cewa Andarawus ya tafi ƙasar Sikitiya, watau arewacin Baƙin Teku, wajen da ƙasar Yukren da kudancin Rasha suke yau. Labarin mutuwarsa kuwa yana cikin wani littafi da ake kira Ayyukan Andarawus, wanda aka rubuta fiye da shekara 100 bayan zamanin manzon. Littafin ya ce ya ƙare a Fataras, wani gari mai tashar jiragen ruwa a lardin Akaya ta ƙasar Girka, lardin da Koranti take. Matar gwamnan Romawa, Maksimila, ta ba da gaskiya ta wurinsa. Gwamnan ya husata, ya sa aka gicciye shi a bakin teku. Ba a kafa shi da ƙusa ba, da igiya aka ɗaure shi, domin ya daɗe yana shan azaba. Ya yi kwanaki a rataye yana yi wa taron magana har ransa ya fita. Akan sa wannan a zamanin Kaisar Niro, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa 68.

Sai mu yi hankali da littafin nan. Yusibiyas kansa ya lissafta shi cikin rubuce-rubucen masu karkatacciyar koyarwa, ikilisiya kuma ba ta taɓa karɓarsa cikin Littafi Mai Tsarki ba. Ga dalili ɗaya da ya shafi gidajenmu. Bisa ga littafin, abin da ya fusata gwamnan shi ne manzon ya koya wa matarsa ta ƙaurace wa shimfiɗar mijinta, wai zaman aure ƙazanta ne. Wannan ba koyarwar manzanni ba ce. Bulus ya umarci mai bi kada ta rabu da miji marar bi in ya yarda ya zauna da ita (1 Korantiyawa 7:13), Bitrus kuma ya ce halin mace yakan rinjayi mijinta ba tare da yawan magana ba (1 Bitrus 3:1). Wanda ya zauna gida ɗaya da Bitrus da matarsa da surukarsa ba zai koyar da raina aure ba. 'Yar'uwa, in mijinki bai ba da gaskiya ba tukuna, kada wani ya ruɗe ki da irin wannan labari.

Abin da ikilisiyoyin gabas da na yamma suka riƙe baki ɗaya tun dā shi ne ya mutu a Fataras, a kan gicciye, saboda sunan Yesu. Ranar 30 ga Nuwamba suke tunawa da shi.

YADDA AKE ZANA SHI

Wani lokaci akan ga hotunan manzanni a kalanda ko a bangon majami'ar Katolika, yara su tambaya yaya aka san wannan wane ne. Ba wanda ya zana fuskar manzanni suna da rai. A zamanin dā yawancin mutanen Turai ba su iya karatu ba, sai masu zane suka ba kowane manzo alamarsa, kamar yadda dā in ka ga tsagar fuska ka san Bagobiri ne ko Bakatsine tun bai yi magana ba. Bitrus yana riƙe da mabuɗai. Bulus yana riƙe da takobi. Andarawus kuwa yana rungume da itace biyu da aka gitta kamar alamar sau da yara suke rubutawa a lissafi, X.

Tsofaffin zane-zane ba su da wannan alama. A garin Rabena ta Italiya akwai hotonsa na wajen shekara ta 500, wanda aka yi da ƙananan duwatsu masu launi da aka jera a jikin gini. Abin da ake gane shi da shi a can furfura ce a hargitse, da gemu, kamar mutumin da iskar tabki ta sha kaɗawa. Ikilisiyoyin Girka da Rasha har yanzu haka suke zana shi, da naɗaɗɗiyar takarda a hannu. Tsohon littafin nan ma bai ce gicciyensa ya bambanta da na kowa ba. Gittaccen gicciye sai bayan ɗaruruwan shekaru ya bayyana, bai kuma zama ruwan dare ba sai wajen ƙarni na 14 da na 15, musamman da sarakunan Burgoniya suka ɗauke shi tambarinsu. Aka kuma ƙara cewa shi ne ya roƙa a canja masa, wai bai isa ya mutu kamar Ubangijinsa ba. Magana ce mai daɗin ji, amma daga baya ta zo. Waɗansu kuma sun lura alamar ta yi daidai da harafin farko na sunan Kristi da Helenanci. Wani lokaci akan ƙara masa kifi, ko taru, ko littafi. A babbar majami'ar Bitrus a Roma akwai siffarsa ta farin dutse, tsayinta ya fi mita 4, yana jingine da itacen.

Har wanda ya koyi dokokin hanya da Faransanci domin neman takardar tuƙi ya gamu da shi bai sani ba: gittaccen allon da ake kafawa inda hanyar mota ta ƙetare ta jirgin ƙasa, gicciyen Andarawus suke ce da shi.

MASU RIƘE DA SHI MAJIƁINCI

A ikilisiyoyin Katolika da na Otodoks akwai al'adar kowace ƙasa, ko gari, ko sana'a, ta zaɓi wani tsarkaka ta ce shi ne mai tsaya mata a gaban Allah. Masunta da masu sayar da kifi sun ɗauki Andarawus, dalili a fili yake. Masu tufka igiya ma sun ɗauke shi, saboda igiyar da aka ɗaure shi da ita. Abin ya ba ni mamaki.

Ƙasusuwan da ake cewa nasa ne sun yi tafiyar da ta yi kusa da tasa. A shekara ta 357 Sarki Kwanstantiyas ya ɗauke su daga Fataras ya kai Kwanstantinofil, birnin da ake kira Istambul yau a Turkiyya. Birnin yana gasa da Roma. Roma tana taƙama da Bitrus, daga baya shi ma ya ce ai Andarawus, wanda aka fara kira, shi ya kafa ikilisiyarsa. 'Yan ubancin da 'yan'uwan biyu ba su yi ba, birane suka yi a madadinsu. A 1204 mayaƙan yammacin Turai suka washe birnin, a 1208 aka kai ƙasusuwan Amalfi ta Italiya, suna can har yanzu. Ƙoƙon kan kuwa aka kai Roma a 1462, bayan Turkawa sun ci ƙasar Girka. Sai a 1964 Paparoma Bulus na 6 ya mayar da shi Fataras domin neman sulhu da Otodoks. Wannan kam aikin kirki ne, a faɗe shi.

Mutanen Sikotilan, ƙasar da take arewa da Ingila, suna da labarin cewa wani mai ibada ya kawo waɗansu ƙasusuwan ta teku har gaɓarsu, garin da ya tashi a wurin kuwa sunan Andarawus yake amsawa har yau. Suna kuma da labarin wani sarkinsu da ya ga farin gittaccen gicciye a sararin sama kafin yaƙi, ya ci nasara. A 1320 manyansu suka rubuta wa Paparoma takarda suna neman a san su ƙasa ce mai 'yancin kanta, ba ƙarƙashin Ingila ba, suka kafa hujja da cewa Andarawus ne majiɓincinsu. A 1385 aka umarci sojojinsu su ɗinka farin gicciyen a riga. Tutarsu ke nan har yau, fari bisa shuɗi. Rasha ma ta riƙe shi. Wani tsohon littafin tarihinsu ya ce ya hau kogin Dinifa ya sa wa tuddan da aka gina birnin Kiyef albarka. A 1698 Sarki Bitrus Babba ya ƙago lambar girma mafi daraja ta ƙasar da sunansa, tutar jiragen yaƙinsu na ruwa kuma gicciyensa ce, shuɗi bisa fari. Yukren ta ce nata ne, gama Kiyef babban birninta ne. A 2022 Rasha ta auka wa Yukren da yaƙi. To, ga ƙasa biyu, majiɓinci ɗaya. Wa zai tsaya wa? Girka da Rumaniya su ma nasu ne. Can tsibirin Barbados, inda yawancin mutane jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne, ranar 30 ga Nuwamba 1966 suka sami mulkin kai, a tambarin ƙasarsu kuma akwai karan rake biyu a gitte.

Akwai kuma abin da ya gangara ƙasa da haka. A ƙasar Folan, daren 29 ga Nuwamba, 'yan mata sukan narka kaki su zuba ta ramin mabuɗi cikin ruwan sanyi, su dubi siffar da ya yi, wai za su san mijin da za su aura. A ƙauyukan Rumaniya akan shafa tafarnuwa a ƙofa daren nan domin korar miyagun ruhohi. Yau da yawa wasa suka ɗauke shi. Amma mu mun san sunan wannan abu, ko da wuri aka yi shi, ko da ƙasa, ko da kaki: duba ne. Uwar da 'yarta ta daɗe ba manemi ta san yadda zuciya take ja zuwa wurin boka. Sa sunan manzo a kan abin ba ya tsarkake shi.

Kada mu yi wa maƙwabtanmu na Katolika ƙarya. In ka tambaye su za su ce ba sujada suke yi wa Andarawus ba, roƙonsa suke yi ya yi musu addu'a, kamar yadda kake roƙon ɗan'uwa mai rai. Mun ji. Amma ba mu ga inda Littafi ya koya mana mu kira waɗanda suka yi barci ba, ya kuwa faɗa a fili matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, Yesu Almasihu (1 Timoti 2:5). Sa'ad da Karniliyas ya faɗi a gaban Bitrus, Bitrus ya tashe shi ya ce shi ma mutum ne. Macijin tagulla da Musa ya yi da umarnin Allah, da mutane suka fara ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Mutumin da duk inda muka gan shi yana wucewa da mutane zuwa wurin Yesu, yaya za mu mai da shi zangon da za a sauka?

A 1559 mai wa'azin nan Yohanna Nokis ya yi wa'azi a garin Andarawus na Sikotilan a kan kawar da gumaka. Taro ya tashi ya shiga babbar majami'ar ya farfasa abin da yake ciki. Ƙasusuwan da mahajjata suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa gani suka ɓace, ginin kuma kango ne yau. Koyarwar Nokis a kan matsakanci ɗaya tamu ce. Amma mu da muka ga an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015, ba za mu yi wa taron da ya fasa ɗakin sujadar wani tafi ba, ko wane ne shi. Hezekiya sarki ne, abin gidansa ya gyara. Kai ma in akwai laya a ƙarƙashin matashinka, ko a wuyan jaririnka, ko a bakin rumbunka, daga nan za ka fara.

Sa wa yaro suna Andarawus ba laifi. Rataya hotonsa a ɗaki domin koya wa yara labarin ba laifi, muddin ba a durƙusa masa ba, ba a kuma ɗauka yana tsare gida ba. Ranar 30 ga Nuwamba tana faɗuwa bayan an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, lokacin da ake samun sukunin kai wa dangi ziyara a garuruwansu. Wanda ya so ya karanta wa iyalinsa Yohanna sura 1 ran nan, ya yi.

Kafin darasi na gaba, yaran da suka iya karatu su nemo wurare 13 ɗin nan da sunan Andarawus ya fito, su rubuta su a takarda su kawo ran Lahadi. Su duba Matiyu, da Markus, da Luka, da Yohanna, da Ayyukan Manzanni. Biyu daga ciki suna cikin aya guda.